Tuffar Leokadia

Shekara arba'in da bakwai Mama ta yi a gidan da gwamnati ta sauke mu a yammacin ƙasa bayan yaƙi, amma ko sau ɗaya ban ji ta kira shi gidanmu ba. Gidan Bajamushe take ce masa, don Jamusawan da aka kora ne suka bar shi, har da cokulansu. Rufin ya yi ta yoyo, Baba ya ƙi gyarawa har ya mutu, wai ina amfanin wahala tunda gida za mu koma. Gida kuwa shi ne Borowinka, can gabas. Ina 'yar shekara shida masu gatari suka fito daga daji suka ƙone ta ƙurmus, bayan yaƙi aka ja iyaka ta faɗa wata ƙasa.

Ni dai na gaji da Borowinka tun ina budurwa. A bakin Mama, madararta ta fi ta ko'ina, tuffarmu ta fi zuma, kuma kullum sai an zagi Leokadia, maƙwabciyarmu ta can, wadda kajinta suka tone wa Mama irin kabeji suka yi shekara huɗu ba sa magana. Mun san Leokadia da 'ya'yanta uku ba su fita ba ranar wutar. Wannan bai hana Mama jan maganar kajin ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙa: ƙasar tsakar gidanmu, ko cikin tafin hannu ce, a zuba a kan akwatin gawarta kamar yadda mutanenmu ke yi. Lokacin an fara barin mutane su tsallaka iyaka. Ta ce daga rijiya mu dubi gabas mu yi taku sittin, za mu tarar da itacen tuffar da Baba ya dasa a ƙofar gida.

Yayana Lucjan ya ce shi ba ya buƙatar kwatance, yana ɗan shekara goma aka fito, ido rufe zai kai ni. Haka Lucjan yake, bai taɓa ɓata ba a bakinsa.

Kwana biyu muka yi a mota, rabin wuni a bakin iyaka, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da muka isa ba gida, ba shinge, ba ko tubali ɗaya, sai gonar alkama da aka girbe. Wata tsohuwa mai kiwon saniya ta nuna mana wani ɗan kwari ta ce nan ce rijiyar, sannan ta ja saniyarta ba ta tambayi ko mu su waye ba.

Itacen tuffa ɗaya ne tak a filin, duk ya karkace. Lucjan ya ƙirga taku ya sami tamanin da biyu. Na ce masa sittin aka ce. Ya ce lissafin tsohuwa ne, kuma ga itacen yana ganinsa, shi da ya hau shi ya fi a ƙirga. Raina bai kwanta ba, amma gajiya ta hana ni gardama. Muka kankare ƙasa da cokali muka cika kwalbar da muka cinye kokwambar cikinta a hanya. Na tsinki tuffa uku na sa a jaka.

Mun tarar da Mama ta ƙara zubewa. Ta rungume kwalbar ta daɗe tana sunsuna. Da na tsaya a nan da shi ke nan, sai rawar kai ta sa na fito da tuffar. Ba ta da haƙori, don haka na yanka mata siriri na sa mata a baki. Ta tsotsa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ta Leokadia ce," in ji ta. "Tamu ba ta da tsami. Ku biyu, tsofai-tsofai da ku, kun kasa ƙirga sittin."

Lucjan ya fara cewa itace kan canza in ya tsufa, ta yi masa kallo ɗaya ya haɗiye sauran. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Abu ɗaya ta taɓa roƙonmu, mun kwaso mata tsakar gidan abokiyar gabarta. Na ce zan koma, alhali ni da ita mun san ba za ta kai dawowata ba.

Ta juya kwalbar a hannunta.

"A gindin itacen kuka ɗiba?"

"E, Mama."

"A nan aka ce an same su, ita da yaran." Ta numfasa. "Ranar, ni na fara hango hayaƙi. Na kwashe ku na bi ta ƙofarta zuwa cikin hatsi. Tagarta a buɗe take, ina jin tana tankaɗe. Ban kira ta ba, Genowefa. Ba ma magana."

Ban taɓa jin wannan ba, Lucjan ma haka. Ya juya yana kallon bokitin da muke tarar yoyo da shi.

"Kar wanda ya koma," ta ce. "Ita ko kabari ba ta samu ba. Ku zuba min wannan, ta zo mu kwanta a nawa. In tana da faɗa ta yi, yanzu ina da lokacin saurare."

Bayan kwana tara muka binne ta. Lucjan ya ƙi karɓar kwalbar, ni na juye ta a kan akwatin. Ƙasar ta jiƙe ta manne a gindi, sai da na sa yatsa na ƙwaƙulo sauran.