Jirgin da Ba Shi da Direba

Alhaji Bashari, tsohon direban jirgin ƙasa da ya zo ziyara daga gida, ya riƙe ƙarfen ƙofa ya hau taragon da kansa, ya ƙi hannun ɗansa Ghazali. Samfuri ne da aka ajiye don jama'a su ga irin jiragen da za su ratsa Riyad idan an gama haƙa musu hanya a ƙarƙashin ƙasa. Ghazali lebura ne a aikin, kuma mahaifinsa ne ya hana shi komawa gida wurin matarsa Rekiya, wai sai ya kai matsayin direba.

"Haka aka gada a reluwe," in ji tsohon, yana takawa zuwa gaba. "A Loko ta Zariya, ma'ajiyar kawunan jirgi, da goge ƙarfe na fara, sannan aka ba ni shebur na zuba kwal a wuta. Kawunan jirgin nan masu sunayen koguna, manyan ƙafafu takwas ne ke jansu, cikinsu kuwa ba ya ƙoshi da kwal ɗin Inugu. Gyaɗar Kano muka ja da su har Apapa. Ba a taɓa ɗora mutum a kujerar direba bai ci wuta ba. Kai ma haƙan nan wutarka ce."

Ghazali ya bi bayansa.

Suka kai ƙarshen taragon. Gilashi ne faffaɗa, da kujerun fasinja. Alhaji Bashari ya duba dama, ya duba hagu.

"Ina ɗakin direba?"

"Babu, Baba."

"Ba su haɗa shi ba tukuna?"

"Ba za a haɗa ba. Na'ura ce za ta tuƙa daga ofis. Na so in faɗa maka a waya, na kasa."

Tsohon ya zauna a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin. Ya daɗe yana kallon waje.

"A zamaninmu, idan ƙaddara ta sa jirgi ya taka mutum, direba ne yake sauka ya cire rigarsa ya rufe shi. Ko Bature bai isa ya hana ba. A nan wa zai sauka?"

"Ban sani ba, Baba."

"Yaushe iƙamarka, takardar zaman nan taka, za ta ƙare?"

"Bayan ƙaramar Salla. Kafili, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce zai sabunta."

Alhaji Bashari ya miƙa masa hannu domin ya tashe shi.

"Ka yi wa kafilin godiya, ka ce ya bar ta. Ka kira Rekiya, ka ce ta share ɗaki."