Hannun Aro

Hembadoon ta shimfiɗa hannuwanta biyu a gaban dattawa kamar mai tallar kifi banda. Daga yatsu har gwiwar hannu fatar ta yi fari-fari, ta tattare, tana sheƙi.

"Ku kalle su," ta ce. "Kada wanda ya kau da kai."

Baba Ushahemba, wanda ke sasanta rigimar mutanen Tibi a wannan gefe na Akurba, ya duba, ya gyara zama.

"Ai sun warke, Hembadoon. Mu gode wa Allah."

"Sun warke, sun kuma mutu."

A ƙasa Iorchia na zaune, kaza ɗaure a gabansa. Ƙanin marigayi mijinta ne. Tun shekarar da rikici ya koro su daga gona a wajen Assakio, burukutunta ke ciyar da shi. Da daminar bara ya shigo a buge ya ce ta ba shi ƙwarya guda. Ta ce giya ba ta nuna ba. Ya ture ta. Ta tafi da ka wajen tukunyar da ke tafasa, ta tare da hannu biyu.

"Ya sayi magani," in ji Baba Ushahemba. "Ya durƙusa. Ga kaza. Me ya rage?"

"Kaza za ta gaya mini zafin ƙullu?"

Wani dattijo ya yi dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskarta.

Su shan giyar suka sani. Ba su san cewa idan an niƙa tsiron dawa an jiƙa, ana tsiyaye ruwan saman a ajiye, a dafa ƙullun da ya kwanta, a janye wuta, sannan a jira ba. A wannan jiran sana'ar take. In ka mayar da ruwan ƙullu na da zafi da yawa, zaƙi ba zai fito ba, sai ka samu kunu salam. In ka bari ya huce, tsami ya riga zaƙi, sai dai a zuba wa aladu. Tsakanin biyun akwai wani zafi mai cizo, wanda hannu ke iya jurewa na numfashi guda sannan ya fizge kansa. Tun tana budurwa hannunta ya san shi. Yanzu ko garwashi ta taɓa, sai ta ji ƙauri take sani. Tun da ta koma bakin murhu, dahuwa bayan dahuwa aladu ke sha, masu shan giyarta kuwa sun koma rumfar Winifred a bayan makaranta.

"To ki roƙi wata ta riƙa taɓa miki," in ji Baba Ushahemba.

"In roƙi wa? Winifred? Ta bar tukunyarta ta zo ta gyara mini tawa? Kuma don me zan yi roƙo, ga wanda ya ɗauke mini hannu biyu yana zaune da biyunsa?" Ta juya. "Hannunsa nake so."

Iorchia ya ɗago a firgice. "Matar yaya!"

"Rufe mini baki. Ba yankewa zan yi ba, ina zan kai shi? Duk ranar dahuwa ya zo ya tsoma, ya gaya mini."

Dattawan suka kalli juna. Hukunci ne mai sauƙi, ba 'yan sanda, ba kotu. Suka amince, suka ci kazar.

Ranar dahuwa Iorchia ya zo yana hamma, idanunsa jajaye. Ta janye itace, tururi ya lafa. Ya dangwala kan yatsa ya cire.

"Ya yi."

"Ka tabbata?"

"Wallahi ya yi, Mama. Ni da nake sha ban san giya ba?"

Ta juye ruwan. Giyar ta fito salam. A dahuwa ta gaba ya ji tsoron bakinta, ya yi ta cewa da saura, da saura, har ƙullu ya yi sanyi. Aladu suka sake ƙoshi. Buhun dawa ya koma rabi, kuma babu wani bayansa.

Da ranar ta sake zagayowa ba ta tambaye shi komai ba. Ta kama wuyan hannunsa na dama.

"Me za ki yi?"

"Bakinka maƙaryaci ne. Da namanka zan yi magana."

Ta danna hannun cikin ƙullu har wuya. Ya ƙwalla ƙara, ya fizge da ƙarfin da ya kusa kayar da ita. Hannunta ba ya jin zafi, amma yana jin fizga.

"Da saura," ta ce, ta zauna a kan turmi.

"Za ki kashe ni!"

"Ni na mutu? Zauna."

Ya zauna yana hura yatsu, yana zaginta ƙasa-ƙasa. Da ta ga tururi ya ƙara kwanciya, ta sake kama shi ta tsoma. Wannan karon hannun ya tsaya. Ta ja numfashi guda. Kafin ta sauke shi, jijiyar wuyan hannun ta yi tsalle a tafinta, irin tsallen da tata ke yi a da. Ta sake shi, ta ɗauki ruwan ta juye, ta sa muciya. Kafin rana ta karkata, ta lasa, zaƙi ya kama mata harshe. Ba ta yi murmushi ba.

Mashaya suka dawo. Baba Ushahemba da kansa ya zo, ya shanye ƙwarya, ya goge baki.

"Kin ga amfanin sulhu? Hannunki ya dawo."

Ta karɓi ƙwaryar ta kife.

Rani ya wuce, damina ta sake shigowa. Iorchia ya daina ihu, ya daina zagi. Fatar hannun damansa ta yi kauri, ta yi duhu, har yakan ɗauki garwashi da yatsu ya kunna taba, yara na kallo. Wata safiya ta tsoma hannun, ta ja numfashi, ta ja na biyu, ta ja na uku. Hannun na kwance a cikin ƙullu kamar itace. Tururi kuwa na tashi har yana jiƙa mata fuska.

Ta ciro shi ta duba. Fatar ta yi ja, ta fara tashi.

"Ba ka ji ba?"

Ya kalli hannun, ya kalle ta, ya girgiza kai a hankali.

Hembadoon ta daɗe tana riƙe da shi, nata farin a kan nasa. Babu abin da ɗayansu ke ji. A bayan danga aladu sun fara gurnani, ƙullu kuma ba ya jira.

Ta saki hannun.

"Kawo na hagun," ta ce.