Baƙin Tabarau a Baranda

Gidan hayar hawa uku ne, famfonsa kuwa ɗaya tal, can ƙasa a tsakar gida. Ruwa bai taɓa hawa sama ba sai a hannun mutum. Amma Amarya, wadda ke hawa na uku tare da uwar mijinta da kowa ke kira Kaka, ta shekara rabonta da ɗaukar bokiti. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata ba a ga ƙeyarsa ba, ita kuma bayanta bai sake daidai ba tun ranar da santsi ya kwashe ta a matattakala. Maƙwabta ne ke hawo musu da ruwa, bokiti huɗu kullum.

Kada ka ce kirki ne ya yi musu yawa. Tsoron Kaka ne.

Kowace safiya Kaka kan zauna a baranda kan kujerar roba, ta maƙala baƙin tabarau, ta fuskanci tsakar gida. Murya gare ta kamar lasifika, in ta yabe ka kowa ya ji, in ta tsine maka ma kowa ya ji. Saboda haka Malamin makaranta yake ɗaukar bokiti biyu a lokaci guda, yana tari don a lura da shi. Mai kemis, wanda ko ƙwayar ciwon kai ba ya ba ƙaninsa kyauta, shi ne mai kawo lemu, yana ɗaga ledar sama kamar tuta. Ranar da mura ta kwantar da Kaka kuwa, tsakar gida ta koma juji, ba wanda ya tuna akwai mutane a hawa na uku.

Abin da ba su sani ba shi ne, idon Kaka ya mutu wata shida da suka wuce. Kaka ba ta son a tausaya mata, Amarya ba ta son ɗaukar ruwa, sai suka shirya. Amarya ta laɓe bayan labule tana yi mata raɗa.

"Tela ne, ya watsar da ƙyallaye a bakin magudana."

"Tela!" in ji Kaka. "Wace baiwa ka ajiye da za ta kwashe maka?"

Sai ka ga Tela ya duƙa yana tsincewa, yana ba da haƙuri. Amarya ta toshe baki tana dariya har da hawaye. Ta raina su ƙwarai. Munafukai, haka take kiransu a ranta, manyan mutane da gemu suna yi wa gilashi ladabi.

Ita kanta fa, tun da ta tabbatar tsohuwar ba ta gani, ta rage wa kanta wahala. In za ta gaishe ta, a tsaye take ƙiƙam, murya kawai take russunarwa. Kofin shayin Kaka sai dai a watsa masa ruwa sama-sama. In Mai kemis ya kawo lemu biyar, sai ta ce, "Kaka, biyu ya kawo, marowacin banza." Ba ta taɓa kiran wannan munafunci ba, dabara take ce masa.

Ran nan zafi ya kore ta daga ɗaki, ta fito baranda ta zauna kusa da ƙafar Kaka, da ledar lemu a cinya.

"'Yar nan, yau Mai kemis bai leƙo ba?"

"Ko inuwarsa ban gani ba, Kaka."

Ta ɓare ɗaya a hankali, ta shanye. Ta ɓare na biyu. Da Kaka ta fara mitar rowar mutanen zamani, Amarya ta ɗago ta yi mata gwalo, dab da tabarau. Ta saba kallon mutane daga bayan labule har ta manta baranda a fili take. Matar Bakanike, wadda ke barandar da ke fuskantarsu, tana tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu, baki buɗe. Ta ga gwalon, ta ga Kaka ko gezau. Ta kaɗa zanen sau uku, tsohuwa ba ta juyo ba. Kafin rana ta karkata labari ya sauka har hawa na ɗaya.

Washegari suka zauna kamar kullum. Amarya ta yi raɗa, Kaka ta buɗe murya.

"Tela! Sharar nan fa?"

"Ina kwana, Kaka," in ji Tela, ko duƙawa bai yi ba. "A gaishe mana da ta bayan labule."

Gida ya ɗauki dariya. Amarya ta jira tarin Malamin makaranta, shiru. Da ta leƙa ta tambaye shi, ya ce ai shi ma bayansa ya riƙe tun daren jiya. Mai kemis ya wuce hannu na dukan cinya.

Da hantsi randa ta ƙafe. Amarya ta ɗauki bokiti ta sauka. Hawowar ce ta gaya mata. Kowane taki ɗaya sai ta ji kamar ana soka mata allura a ƙugu, ruwa na zuba a ƙafarta, ƙofofi a buɗe, kowa na kallo, ba wanda ya miƙo hannu. Ta isa sama tana haki, kunya da haushi sun cika ta, ta dire bokitin da saura rabi.

"Mutanen banza!" ta ce. "Kaka, kin ji su? Sai ana kallonsu suke abin arziki. Da sun ga ba ido a kansu, shi ke nan, halinsu ya fito."

"Haka ne, 'yar nan," in ji Kaka. Ta cire tabaran, ta naɗe shi a bakin zane, tunda ya gama aikinsa. "Lemun jiya da zaƙi?"

Amarya ta juyo ta kalle ta.

"Ido ne ya tafi, hancin yana nan. Wata shida ina jin ƙamshi, ina jiran ranar da za ki miƙo min da kanki." Ta laluba ta ɗauko kofin shayinta, ta miƙa daidai inda take jin numfashin surukarta. "Wanke min shi da sabulu. Saura bokiti uku."