Ranar da Auta Ya Yi Abin Kai

"In ta ce yaya jiki, me za ka ce?" Inna ta tambaya tana ɓalla masa maɓallin wuya.

"Da sauƙi," in ji Auta.

"In ta ce wa yake yi maka wanka fa?"

Ya nuna ta da yatsa. Ta kama yatsan ta sauke. "Kai kake yi da kanka. Maimaita."

Auta ya haura talatin, ga gemu ga tsayi, amma hankalin na yaro ne. Kullum da safe motar ƙaramar hukuma take kai shi cibiyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda yake ban ruwan shuke-shuke. Can kaɗai yake da abokai, kuma sai ya tafi Inna take samun hawa keken ɗinkinta. Yau jami'ar hukumar za ta zo ta ga wanda ya fi bukata, domin gurbi kaɗan ne, masu jira kuwa ba a magana.

Inna ta san haka sarai, amma baƙuwa baƙuwa ce. Tun da sassafe ta ja katifar da ya jiƙa ta ɓoye a bayan ɗaki, ta kunna turare, ta saki labule a kan ƙofar da ya fasa ranar da abin ya motsa masa. A gidan da ta tashi, ko kuka ake yi, in an ji sallama sai a share hawaye.

Jami'ar ta iso da gumi, ta zauna a kan kujera mai kyaun, ta kurɓi lemo. Mace ce mai kirki, abin da ya ƙara lalata al'amarin ke nan.

"Yaya jiki, ɗan'uwa?"

"Da sauƙi."

"Wa yake yi maka wanka?"

Auta ya saci kallon Inna. "Ni nake yi da kaina."

"Kai, madalla! Mama, yana ba ki wahala? Faɗa, ko fashe-fashe?"

Saura kaɗan Inna ta faɗi gaskiya. Sai ta hango maƙwabciya ta leƙo ta taga, wai aron tsintsiya.

"Wane irin wahala, 'yar nan? Ai sai godiya."

Jami'ar ta dubi ɗakin tsaf-tsaf, ta dubi Auta cikin gogaggiyar riga, har idonta ya kawo ruwa.

"Wallahi Mama kin burge ni. Gidan da na fito yanzu, ɗaure 'yarsu suke yi da igiya. Tunda naki ya samu sauƙi haka, sai mu ba ta gurbinsa. Daga gobe mota ba za ta tsaya nan ba."

Inna ta raka ta har bakin titi. A ƙofar gida mata suna zaune, duk sun zubo ido.

"Ki gaida gida," in ji Inna.

Da ta koma, ta tarar da Auta zaune inda ta bar shi, bai ko motsa ba don kada rigar ta yamutse. Fuskarsa fal murna.

"Inna, na yi daidai?"

Ta durƙusa ta fara ɓalle masa maɓallin wuyan.

"Ka yi daidai, Auta. Ko ɗaya ba ka kuskure ba."