Tambayar da Injin Ya Yi wa Kalilu

Ranar da Balaraba ta fita takaba, ba ta zaga dangi ba. Ta hau kabu-kabu daga Zauro zuwa Birnin Kebbi, ta nufi shagon da mijinta Kalilu ya rasu a cikinsa. Ta zo ne ta tafi da ɗanta Sirajo gida. Gonar shinkafa ta ishe su. Injin da ya ci uba ba za ta bar masa ɗa ba.

Injin babba ne, da kwamfuta a gefensa, yana yanka ƙarfe yana fitar da kayan gyaran injinan ban-ruwa. Tsoho aka kawo shi, 'yan shekaru bayan Kebbi ta zama jiha. Ta tarar da Sirajo tsaye a gabansa, ga Malam Tamba, wani manomi daga Argungu, yana jira a kan benci.

"Inna, ke ce da rana haka?"

"Ni ce. Ɗauko rigarka mu tafi."

Sirajo ya sunkuyar da kai. Ita kuwa idonta na kan injin. An sa masa sabon gilashi a ƙofa. Tsohon ya fashe tun Kalilu na raye.

"Kafin mu tafi," ta ce, "gaya mini yadda aka yi. Kowa cewa yake ƙaddara. Na sani. Amma ta ina ta biyo?"

Sai ya gaya mata. Wuƙaƙen injin daga Legas ake kawo su, don haka a kan yi ta wasa tsohuwa har ta gajarce, kwamfuta kuma tana riƙe da tsawonta. Ran nan sabuwa ta iso, doguwa, Baba ya ɗaura ta. Kwamfuta ta tsaya ta tambaya ko an auna wuƙar. Mutane na jira, ana gab da ɗauke wuta. Baba ya danna eh. Wuƙar ta nutse cikin ƙarfe ta tarwatse, guntu ya fito ta fasasshen gilashin ya same shi a wuya.

"Ashe ta tambaye shi," in ji Balaraba a hankali.

"Ta tambaye shi, Inna."

Malam Tamba ya yi gyaran murya. "Allah shi jiƙan Kalilu. Amma Sirajo, shinkafata na bushewa. Ka gama mini tukuna."

Balaraba ta zauna a bakin ƙofa. Sirajo ya ɗaura wuƙa, rubutu ya fito a allon. Ba ta iya karanta shi ba, amma ta gane tambayar ce. Ya kwance wuƙar, ya auna, ya shigar da tsawon, ya mayar da ita. Sannan ya sa injin ya bi hanyar yankan duka a sama, bai taɓa ƙarfe ba.

"Kai, ɗan nan! Iska kake yanka mini? Yanzu su ɗauke wuta!"

"Su ɗauke, Baba Tamba."

"To in kwana nan ke nan?"

"Akwai tabarma."

Sirajo bai ko waiwayo ba. Wuƙar ta gama zagayenta ba kuskure, sai ga wuta ta tafi. Malam Tamba ya yi tsaki, ya fita yana faɗa. Sirajo ya goge hannu, ya ɗauko rigarsa.

"Mu tafi, Inna."

Balaraba ta daɗe tana kallonsa. Ta kwance ƙullin furar da ta riƙo don hanya, ta ajiye a kan benci.

"Mayar da rigar," ta ce. "Mutumin nan na jiran aikinsa."

Ta share ido da bakin mayafi, ta fita neman kabu-kabu ita kaɗai.