Kujerun Dangi a Motar Kawu Tanko

A kakar 1971 Inna ta sayar da shanunta uku, ta ce za ta zuba kuɗin a kamfanin ƙanenta, Kawu Tanko, mai kamyo biyu, manyan motocin ɗaukar fasinja, tsakanin Madarumfa da Maradi. Shanun nan su ne duk abin da babana ya bar mata.

"Inna, kin ga littafinsa?"

"Littafin me? Motarsa kullum cike take. Makarantar lakwal ta koya maka zargin kawunka, Lawali?"

Abin da ke ƙona mini rai ke nan a garinmu: an ga mota cike, shi ke nan, magana ta ƙare. Na roƙi Inna mako biyu, na sayi kaye, littafin rubutu, na kasa zama wuri ɗaya. Yau ina tasha ina ƙirga masu hawa, gobe ina bayan kamyo. Na bi motar Inusa, na bi ta Ɗan Baba, su ne abokan gasar Kawu. Na tambayi kuɗin mai da na taya, har wani shofer, wato direba, ya ce ko ni ɗan duwan ne, ma'aikacin kwastan.

Inusa yana ɗaukar mutum talatin, talatin su biya dala ashirin-ashirin. Ɗan Baba ashirin da biyar, duk su biya. Kawu kuwa arba'in, amma goma sha bakwai kaɗai ke sa hannu a aljihu. Sauran surukai ne, da 'ya'yan goggo, da maƙwabtan kaka. A ce da su kuɗi? Abin kunya ne.

Na shimfiɗa kayen gaban Inna da Kawu.

"Kawu, ka fi kowa fasinja, ka fi kowa hasara! Da damina ba za ka iya sayen taya ba."

Kawu ya yi dariya, ya kira ni irin kiran Faransawa. "Mushe Lawali, sau nawa ka hau tawa kana wannan bincike?"

"Shida."

"Nawa ka biya?"

Na rufe kayen. Inna ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga dala ɗari da ashirin ta ajiye a gabansa.

"Ga na ɗana. Kuɗin shanu kuwa zan ba ka, Tanko, amma Lawali ne zai tsaya a ƙofar mota."

Washegari da hantsi ina tsaye a ƙofar mota da biye, tikitin shiga, a hannu. Wadda ta fara zuwa Goggo Balaraba ce, da kwandon kifi a ka, wadda ta goye ni ina jariri.

"Matsa mini, ɗana."

Ban matsa ba. Na miƙa hannu, idona a ƙasa.