Lotsawar Ƙofar Direba

Ranar Alhamis da la'asar Gado ya gane ya yi ɓarna, kuma tun daga lokacin ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Motar tana tsakiyar gareji a Sana'iyya, unguwar masana'antun Doha, sai ɗaukar ido take. Tsohuwar a-kori-kura ce wadda ta girmi Gado nesa ba kusa ba. Wata bakwai suka yi a kanta. Sun sauke ta har cikinta yana neman shafar ƙasa, sun rage mata tsayin rufi, sun cusa mata inji mai silinda takwas, wanda in ya yi gurnani kofunan shayi kan yi rawa a kan benci. Ga tayoyin baya masu faɗi, ga salansa biyu suna ƙyalli, ga jan fenti da mutum zai iya gyaran gemu a jikinsa. Mai garejin, Abdul-Majeed, shi ne mai ita, gadon mahaifinsa ce. Shi ne kuma kafil ɗin Gado, wanda zamansa a ƙasar ke hannunsa.

Gado fanelbita ne, a Ƙofar Ruwa ta Kano ya koyi aiki, kuma yana ji da kansa. A wurinsa lotsawa a jikin mota abin kunya ce, ko a titi ya ga mota da ita sai tafin hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Mako uku da suka wuce Abdul-Majeed ya shigo a gurguje zai yi tafiya, waya a kunne. Ya ɗauki alli ya zagaye wata lotsawa a ƙofar direba, ya dubi Gado ya ɗaga masa yatsa, ya fice. To, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Ƙofar Ruwa in maigida ya zagaye wuri da alli, nan yake so a gyara. Gado bai tambayi kowa ba. Kwana biyu ya yi yana lallashin ƙarfen da guduma har ya kwanta sumul, mai fenti ya bi ta kai.

Baba Sunusi, direban gidan su Abdul-Majeed, shi ya zo duba motar ranar Alhamis ɗin. Dattijo ne Bakatsine, shekararsa ashirin a gidan. Ya shafa ƙofar sama da ƙasa, ya cire tabarau ya sake dubawa.

“Gado, ina lotsawar nan?”

“Ai na gama da ita, Baba. Ko da fitila ba za ka gano inda take ba.”

Sunusi ya yi salati a hankali. “Yaro, ka yi gyaran gangar Auzinawa. Allin nan cewa yake kada a taɓa. Jibi da safe maigida zai dawo, a kai motar unguwar Al Aziziya wurin mahaifiyarsa. Idonta ya tafi, da hannu take gani. Kun canza mata komai na motar mijinta, abu ɗaya aka bar mata ta gane ta da shi, shi ne ka share.”

“Me ya yi lotsawar, Baba?”

“Raƙuma ce ta harbi ƙofar, tun zamanin da marigayi ke kai wa raƙuma ruwa a daji. Duk gidan an san labarin.”

Saura kwana tara iƙamar Gado, wato izinin zamansa, ta ƙare, takardar sabuntawa tana kan teburin Abdul-Majeed tana jiran sa hannu. Ya tuna matarsa Bilkisu da yara uku a Kurna, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun zuwansa ƙasar nan.

Juma'a ba aiki, amma ina hutu? Ya kwanta a ɗakinsu da ke kusa da Asian Town, ya tashi, ya haɗa shayi ya manta da shi. Ya fita kasuwa, ya zagaya shagunan waya sau biyu bai sayi ko tsinke ba. Ya danna lambar Bilkisu, ya katse kafin ta shiga, don ya san daga jin muryarsa za ta gane. A masallaci ma liman na huɗuba, shi yana lissafin kaurin ƙarfe. Ana sallamewa ya nufi gareji da makullinsa a aljihu.

Ya jawo tsofaffin ƙofofi uku daga tarin bola ya jingina su da bango. Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas yana fitar da lotsawa, yau ga shi zai saka ta, ko shi sai da abin ya ba shi dariyar takaici. Ya duba hotunan motar da ke wayarsa, duk daga ɗaya gefen ya ɗauke su.

A nan rigima ta tashi tsakaninsa da hannunsa. Hannun ya tuna lotsawar ƙarama ce, zagayayya, mai zurfi a tsakiya, babban yatsa ya kan zauna a ciki daidai. Amma tafin raƙumi faɗi gare shi kamar faifai, ta ina zai bar rami kamar bakin kofi? Ya gwada ƙarama a ƙofa ta farko, ya gwada babba a ta biyu. Ya ja baya ya dube su, ya zagaya motar, ya sha ruwa, ya dawo. Daga ƙarshe ya ce wa ransa, wane ne shi da zai ƙaryata labarin da gida guda ya sani? Ya koma kan ƙofar motar, ya ɗumama fentin da iska mai zafi don kada ya tsage, ya naɗe jakar yashi da tsumma, ya dinga danna ƙofar kaɗan-kaɗan har ta yi faffaɗar lotsawa. Aikin ya yi kyau, ko raƙumar aka kira sai ta amsa laifinta. Amma hankalinsa bai kwanta ba.

Asabar da hantsi aka sauke motar a farfajiyar gidan. Abdul-Majeed ya zagaye ta yana “Masha Allah,” ya kalli ƙofar ya ɗan tsaya. Sai ga Hajiya, mahaifiyarsa, an riƙo hannunta, 'yar tsohuwa siririya cikin baƙar abaya. Ɗanta ya ta da injin don ta ji, ta toshe kunne ta yi wata magana, Sunusi ya raɗa wa Gado: “Wai mijinta bai taɓa yi wa maƙwabta ihu haka ba.”

Ta bi jikin motar da tafin hannu, daga fitila zuwa madubi, har ta kai ƙofar direba. Ta shafa lotsawar. Ta sake shafawa, babban yatsanta yana neman wani abu. Ta janye hannun ta yi magana gajeriya, wannan ko ba tafinta ya fahimta: ba ita ba ce.

Abdul-Majeed ya juyo. Gado ya ga ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ya matso ya durƙusa.

“Baba Sunusi, gaya musu ni ne. Na ga alli na zaci gyara ake so, na share ta. Jiya na yi wannan don in rufe laifina.”

Sunusi ya fassara. Fuskar Abdul-Majeed ta ɗaure, ya buɗe baki, amma uwar ta riga shi.

“Tana tambaya, wadda ka share yaya take?” in ji Sunusi.

“Ƙarama ce, zagayayya, yatsa na zama a ciki. Amma aka ce mini raƙuma ce.”

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta aika cikin gida aka kawo mata taɓaryar tagulla ta dakan gahawa. Tana magana Sunusi yana juyawa, shi ma baki sake. Ashe ba wata raƙuma. Wata shekara mijinta ya tafi daji, ya yi kwana huɗu ba labari, har an fara yi mata jaje. Ran na biyar ya dawo yana waƙa, ya ce hira ce ta yi daɗi a wurin makiyaya. Tana cikin daka, ta wurga masa taɓaryar, ya ja ƙofa ya kare kansa. Shi ya ƙirƙiro raƙumar don ya rufa mata asiri a wurin danginsa, kuma har ya rasu bai yarda an gyara ba.

Abdul-Majeed, mai shekara hamsin da furfura a gemu, ya tsaya yana kallon uwarsa kamar yau ya fara ganinta.

Ta lalubo hannun Gado ta damƙa masa taɓaryar, ta ɗora yatsanta a ƙasan mariƙin ƙofa. “Yalla,” in ji ta, wato ya buga.

Gado ya dubi maigidansa. Maigidan ya dubi jan fentin da aka yi mako biyu ana gogewa, ya runtse ido, ya gyaɗa kai. Wannan karon Gado bai yi gardama da hannunsa ba. Bugu ɗaya ya yi, fentin ya tsage kamar ɓawon ƙwai.

Hajiya ta sa babban yatsanta a ramin, ya zauna. Ta daɗe a haka, dariyar ta tafi, hawaye na bin kumatunta. Gado ya sunkuyar da kai, tausayinta ya kama shi har ya manta da nasa tsoron.

“Khalas,” in ji Abdul-Majeed, wato shi ke nan. Ya ƙara wata magana ya bi uwarsa ciki.

“Me ya ce, Baba?”

“Ya ce gobe ka fitar da lotsawar raƙumarka, ka bar ta taɓaryar Hajiya. Kuma ka zo da fasfo ɗinka a sabunta maka iƙama.”

Gado ya nemi gefen dakali ya zauna, taɓaryar tana hannunsa har yanzu.